Mutum-mutumin shara: yadda yake aiki da abin da zai tarar a gidajen Maiduguri

Mutum-mutumin shara wata na'ura ce mai amfani da batir wadda ke yawo a cikin ɗaki da kanta, tana zuƙe ƙura da ƙananan tarkace ba tare da wani ya riƙe ta ko ya tura ta ba. Duk da sunan da aka laƙaba mata, ba ta da siffar mutum ko kaɗan. Galibin irinta kewayayyu ne kamar faifai, faɗinsu kimanin santimita 35, tsayinsu kuma bai cika wuce santimita 10 ba, abin da ke ba su damar kutsawa ƙarƙashin gado da kujeru, inda tsintsiya ba ta kaiwa sai mai shara ya durƙusa. Idan na'urar ta kammala aiki, ko cajinta ya yi ƙasa, takan koma mazauninta da ke jone da wuta ta ɗora kanta a caji.

A yau ana samun ta a shagunan intanet irin su Jumia da Konga da kuma manyan shagunan kayan lantarki a Legas da Abuja da Kano, kuma bidiyon tallanta na yawo a wayoyin jama'a. Sai dai an ƙera ta ne da tunanin gidajen Turai da Amurka da gabashin Asiya: gida rufaffe mai tagogin gilashi, daɓe sumul, wutar da ba ta ɗaukewa. Unguwa irin Abbaganaram, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanni masu cunkoso a Maiduguri, ta haɗa kusan duk abin da masu ƙirar ba su yi lissafi da shi ba, daga ƙurar hunturu da yashin tsakar gida zuwa zafin bazara da matsalar lantarki. Shi ya sa take zama ma'auni mai kyau ga duk mai son sanin ko na'urar za ta yi masa amfani a arewacin Najeriya.

Asalinta

Shara da injin zuƙa ta girmi mutum-mutumin da kusan shekara ɗari. A 1901 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera wani ƙaton injin zuƙar ƙura da doki ke ja zuwa ƙofar gida a birnin Landan, a zura dogayen bututu ta taga. Bayan 'yan shekaru, James Murray Spangler, wani mai sharar kanti a jihar Ohio ta Amurka da ƙura ke tayar wa ciwon asma, ya haɗa ƙaramin inji mai lantarki da mutum ɗaya zai iya turawa. Ya samu rajistar ƙirarsa a 1908, iyalan Hoover suka saye ta, har sunansu ya zama sunan injin a bakin Turawan Ingila.

Wadda ke tafiya da kanta ta fara fitowa ne daga kamfanin Electrolux na ƙasar Siwidin, wanda ya nuna samfurinta a cikin shekarun 1990 sannan ya kai ta kasuwa a 2001 da sunan Trilobite. Tsadarta ta hana ta yaɗuwa. Wadda ta buɗe kasuwar ita ce Roomba, da kamfanin iRobot na Amurka ya fitar a watan Satumba na 2002 a kan kimanin dala 200. Mutum uku ne daga jami'ar fasaha ta MIT suka kafa kamfanin a 1990, wato Rodney Brooks da Colin Angle da Helen Greiner, kuma kafin a san su da shara sun ƙera na'urorin da sojoji ke turawa su binciki bama-bamai. Daga baya kamfanin ya sayar da na'urorin gida fiye da miliyan 40.

A 2010 kamfanin Neato ya shigo da amfani da hasken leza wajen auna ɗaki, wanda ya sauya salon aikin baki ɗaya. Daga nan ragamar kasuwar ta fara komawa ƙasar Sin, inda kamfanoni irin su Ecovacs da Roborock da Dreame da Xiaomi suka riƙa fitar da sababbin samfura a farashi mai sauƙi. A watan Agusta na 2022 kamfanin Amazon ya sanar da shirin sayen iRobot a kan kusan dala biliyan 1.7, amma aka fasa cinikin a watan Janairu na 2024 bayan hukumomin Tarayyar Turai sun nuna ba za su amince ba. Akasarin waɗanda ke shigowa Najeriya yanzu ƙirar ƙasar Sin ne, har da masu ɗauke da sunayen da ba a san su ba.

Abin da ke cikinta

Idan aka kifar da na'urar za a ga manyan tayoyi biyu, kowace da injinta, da ƙaramar taya mai juyawa a gaba. A gefe akwai buroshi mai yatsu da ke wulwulawa yana janyo shara daga jikin bango zuwa tsakiya. A tsakiyar kuma akwai dogon buroshi mai birgima, na gashi ko na roba, wanda ke ɗaga sharar zuwa bakin zuƙa. Wata ƙaramar fanka mai gudu sosai ce ke jan iska ta wannan baki, sharar ta faɗa cikin wani ɗan akwati, iskar kuma ta bi ta cikin matata, wadda masu gyara ke kira filta, ta fita waje. Akwatin ƙarami ne ƙwarai, yawanci tsakanin mililita 300 zuwa 500, wato bai kai cikin ledar fiya wata ɗaya ba a wasu samfuran. Wannan adadi na da muhimmanci ga mazauna arewa, kamar yadda za a gani.

Yadda take sanin hanya shi ne ya fi bambanta mai araha da mai tsada. Mafi araha ba ta san ɗakin ba sam. Takan miƙe har sai bambarta ta gaba ta bugi wani abu, sai ta juya ta nufi wani ɓangare, a haka har cajinta ya ƙare, da fatan ta taka ko'ina. Ta tsakiya na da na'urar lura da juyi da ƙidayar zagayen taya, don haka takan bi layi-layi kamar mai huɗa, ko da yake takan ɓata lissafi idan tayar ta zame. Ta sama na da wata 'yar hasumiya a bayanta mai juyawa tana harba hasken leza zuwa bango da kayan ɗaki, tana auna nisan kowane abu, ta zana taswirar gida da mai ita zai gani a manhajar wayarsa. Da wannan taswira ake iya ce mata ta share falo kaɗai, ko a ja mata layin da ba za ta ƙetare ba. Wasu kuma kyamara suke amfani da ita, ko dai don gane wuri ko don bambance takalmi da wayar caja. Mai leza na aiki cikin duhu, mai dogaro da kyamara kuwa tana buƙatar haske, bambancin da ya kamata mai zama inda wuta ke yawan ɗaukewa ya lura da shi.

A ƙarƙashinta akwai ƙananan idanun lantarki da ke harba wani haske da idon mutum ba ya gani zuwa ƙasa. Idan hasken bai dawo ba, sai ta ɗauka rami ne ko bakin matakala, ta ja da baya. Baƙar darduma kan shanye wannan haske, shi ya sa wasu na'urorin ke ƙin hawa kafet mai duhun launi.

Masu talla sun fi cika baki da ƙarfin zuƙa, wanda ake aunawa da ma'aunin faskal, daga kimanin 2,000 a masu araha zuwa fiye da 10,000 a sababbin fitowa. Wannan lamba ba ta faɗin komai game da ingancin buroshi ko matata, kuma a kan tayil ko siminti bambancin ba shi da yawa kamar yadda ake zuzutawa.

Ƙurar da ba ta ƙarewa

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. A da can ƙasan wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne, kuma farar ƙasar da ya bari mai sauƙin tashi ce ƙwarai, har wani sashe nata kan ƙetare Tekun Atlantika. Maiduguri na daga cikin manyan biranen Najeriya da suka fi kusa da wannan kwari, don haka tana cikin na farko da hazo ke rufewa. Idan hunturu ya wuce kuma, guguwar da ke gabatar hadarin farkon damina a Mayu da Yuni kan cika ɗakuna da jan ƙasa cikin 'yan mintuna.

Wannan shi ne babban dalilin da zai sa mutumin Maiduguri ya yi sha'awar na'urar, shi ne kuma babban abin da ke kashe ta. Duk wadda ta taɓa share ɗaki da tsintsiyar laushi a watan Janairu ta san cewa rabin ƙurar sama take tashi, ta shiga hanci da ido, sannan ta sauka a kan gado da kwanuka bayan an ajiye tsintsiyar. Dalilin yayyafa ruwa kafin shara ke nan. Na'urar zuƙa mai matata mai kyau na kama ƙurar maimakon ta watsa ta. Matatar da ta cika ƙa'idar da ake kira HEPA a Amurka na tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, ƙanƙantar da ido ba ya gani. Ga mai asma ko tsoho mai tari ko jariri, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai ba duk kwalin da aka rubuta wa waɗannan haruffa ne ya cika ƙa'idar ba, kuma ko matatar na da kyau, idan murfin akwatin bai rufu ruf ba ƙurar za ta sami hanyar fita.

Matsalar ita ce yawa. Akwatin da a Turai ake zubar da shi bayan kwana biyu ko uku, a lokacin hazo kan iya cika kafin a gama falo ɗaya. Ƙura mai laushi kan toshe matata da wuri, ƙarfin zuƙa ya ragu, fankar ta ɗau zafi. Masu ƙera na'urar kan ba da shawarar sauya matata duk bayan wata biyu zuwa uku, buroshi kuma bayan wata shida zuwa shekara, amma da gidajen da ƙura ba ta dame su ba suka yi wannan lissafi. A Borno hankali zai fi kwanciya da kakkaɓe matatar bayan kowace shara. Wadda aka rubuta cewa ana iya wankewa kaɗai ake sa wa ruwa, kuma ba a mayar da ita sai ta bushe sarai, domin ƙura da danshi laka suke zama. Idanun ƙasa da ƙarafunan da ke taɓa mazaunin caji su ma suna buƙatar gogewa da busasshen ƙyalle, in ba haka ba na'urar za ta riƙa tsayawa tana ƙorafin ramin da babu shi, ko ta kwana a mazauninta ba ta sha caji ba.

Yashi kuma daban yake da ƙura. Maiduguri gari ne mai rairayi, kuma ƙafa da takalmi na shigo da shi ɗaki dare da rana. Ya fi ƙura nauyi, yana taruwa a bakin ƙofa da tsakanin tayil, yana kuma cin roba da haƙoran taya sannu a hankali. Tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, da al'adar tuɓe takalmi a waje wadda dama ta zama jiki, sun fi kowace dabara tsawaita ran na'urar.

Tsakar gida ba wurinta ba ce

A tsarin gidajen tsofaffin unguwanni, ana shiga ta zaure a fito tsakar gida, ɗakuna na kewaye da ita, kowanne da ƙofarsa. A tsakar gidan ake girki da wanki da wanke-wanke, nan yara ke wasa, nan kuma mafi yawan shara ke taruwa: ganyen darbejiya, toka, ɓawon gyaɗa, leda, kashin awaki da kaji. Na'urar ba ta da abin yi a nan. Ba ta tafiya a kan yashi, ba ta son ruwa, hasken rana kai tsaye na rikita idanunta, kuma akwatinta ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na abin da tsintsiyar kwakwa ke tarawa da safe ba. Wanda ya saye ta da niyyar ya sallami tsintsiya zai ji kunya.

Tsakanin ɗaki da ɗaki kuma akwai dokin ƙofa. Yawancin na'urorin ba sa iya haura tudun da ya wuce santimita biyu, alhali magina a arewa kan ɗaga dokin ƙofa da gangan don tare ruwan sama da yashi da ƙwari. Ma'anar wannan ita ce sai an ɗauke ta da hannu daga wannan ɗaki zuwa wancan, kuma ba za ta iya komawa caji da kanta ba. Inda ta fi dacewa shi ne ginin zamani mai falo da ɗakuna a ƙarƙashin rufi ɗaya, daɓen tayil a miƙe, irin waɗanda ake ginawa a sababbin unguwanni da rukunin gidajen ma'aikata, ko sashe guda da aka gyara a cikin tsohon gida.

A cikin ɗakin ma akwai abin lura, domin rayuwar gida a Borno a ƙasa ake yin ta. A ƙasa ake zama, a ci abinci, a yi salla, a kwantar da jariri. Tabarma mara nauyi na'urar kan ture ta ko ta naɗe bakinta. Ledar ɗaki da ta yage ko ta ɗaga kan kama ta. Gezar darduma, da bakin lafaya da ya zubo daga kan gado, da carbi, da zaren saƙar hula, da gashin kitso, da wayar caja, duk suna naɗewa a buroshi har ya tsaya. Kafin a sake ta sai an tattara abin da ke ƙasa, aikin da a wasu gidaje ya kai rabin sharar kanta.

Haɗari mafi girma shi ne kaskon turaren wuta. Matan Borno sun yi suna a faɗin ƙasar nan wajen haɗa turare, kuma da wuya a shiga ɗakin mace a Yerwa ba a tarar da kasko a wani lungu ba. Na'urar da ke gane abu ta hanyar bugunsa za ta iya kifar da kasko mai garwashi a kan kafet, ko ta zuƙi tokar da ba ta huce ba zuwa cikin akwatin roba mai matatar takarda, kusa da batir. Haka batun yake ga maganin sauro na kunnawa, da kyandir, da rishon girki. Ba a barin ta ta yi aiki a ɗakin da akwai wuta a ƙasa, musamman idan an saita mata lokaci ta tashi da kanta babu kowa a kusa.

Akwai kuma batun tsarki. Samfura da yawa na zuwa da ƙaramin tankin ruwa da tsumma a ƙasa don goge daɓe. Irin wannan guga ta ɗebe ƙura ce kawai, ba ta kai wanki ba. Idan yaro ya yi fitsari ko kashi a ƙasa, ko kaza ta shigo ta ɓata wuri, na'urar da ba ta gani ba za ta bi ta kai ta shafe ɗakin da shi gaba ɗaya, har wurin da ake shimfiɗa sallaya. A gidan da ke da ƙananan yara, dubawa kafin a kunna ta wajibi ne. Tsofaffi da ke riƙe da camfin nan na cewa ba a shara da dare kuwa, sai a sasanta da su kafin a saita ta ta yi aiki bayan an kwanta. Ƙararta ma, wadda ta kai ta hira da ɗaga murya, ta isa dalili.

Wuta da zafi

Abin mamaki, cin wutarta kaɗan ne. Babban batirin da ake sa wa irin waɗannan na'urori na ɗaukar kimanin wat 75 na awa guda, wanda ke ba ta aikin awa biyu zuwa uku a kan tayil. Idan aka haɗa da asarar caji, cika shi sau ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin mita ba. Shara kullum na wata guda, tare da ɗan abin da mazaunin caji ke ja yana zaune, zai tsaya a wajen yunit biyar zuwa shida. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024 aka yi lissafi, kuɗin bai kai naira 1,500 ba. Ƙaramar sola da inbata za su iya ɗaukarta. Banda ita ce samfurin da mazauninsa ke zuƙe sharar daga cikin na'urar zuwa wata jaka, domin injinsa kan ja kusan wat 1,000 na 'yan daƙiƙu, abin da ka iya kashe ƙaramar inbata.

Rashin tabbas ɗin wutar ne matsala. Mazauna Maiduguri ba su manta da watan Janairu na 2021 ba, lokacin da 'yan ta da ƙayar baya suka karya turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake karyawa bayan 'yan kwanaki, garin ya shafe watanni cikin duhu. Wannan ne ya kai ga gina tashar lantarki mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, da kamfanin NNPC ya yi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Maris na 2023. Kamfanin rarraba wuta na Yola ne ke raba wuta a jihar. Na'urar shara na gane mazauninta ne da wata alama da mazaunin ke aikawa, saboda haka idan wuta ta ɗauke tana cikin aiki takan yi ta yawo tana nema har cajinta ya ƙare a ƙarƙashin gado. Idan kuma aka bar ta kwanaki a mazaunin da babu wuta, batirin kan zube ƙasa ƙwarai, kuma batirin litiyam ba ya jure irin wannan zubewa sau da yawa. Mai tafiya ko mai zaman jiran wuta gara ya cika ta da caji ya kashe makunninta. Jona mazaunin ta cikin sitabilaiza ko soket mai tare ambaliyar wuta na kare shi daga ƙonewa idan an dawo da wuta da ƙarfi.

Najeriya na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 230, Amurka kuwa 120. Wasu mazaunan caji na karɓar duka biyun, wasu kuma, musamman masu zuƙe shara da kansu, na ƙasa ɗaya ne. Na hannu da ake shigowa da su daga Amurka sai an karanta rubutun da ke ƙasan mazaunin kafin a jona, domin kuskure ɗaya ya isa ya ƙone shi.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma kan fi haka. Batirin litiyam na saurin tsufa a irin wannan yanayi, kuma masu ƙera shi ba sa son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 40 zuwa 45. Lungu mai inuwa da iska, nesa da taga da madafa, shi ne wurin ajiye mazaunin.

Darasin ambaliya

A daren 9 wayewar 10 ga watan Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, shekara 30 bayan makamanciyar ambaliyar da aka yi a 1994. Abbaganaram na cikin unguwannin da abin ya fi shafa, tare da Gwange da Gamboru da kewayen fadar Shehun Borno. Na'urar da wurin zamanta ƙasa ne ita ce ta farko da ruwa zai taɓa, ko da na ambaliya ne ko na ruwan sama da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Batirin litiyam da ya nutse a ruwa bai kamata a sake jona shi ba ko da ya bushe, domin yana iya kama wuta bayan kwanaki. Lakar da ambaliya ke bari a ɗaki kuma aikin shebur da bokiti ce. A watannin Agusta da Satumba, a unguwannin da ke kusa da kogi, ɗora na'urar a kan tebur da dare ya fi barinta a mazauninta.

Idon da ke yawo a ɗaki

Samfuran da ke aiki da manhaja sai an jona su da intanet na gida, kuma taswirar gidan da lokutan shara kan tafi rumbun kamfanin a wata ƙasa. Masu kyamara sun fi haka. A watan Disamba na 2022 mujallar MIT Technology Review ta bayyana cewa hotunan da wasu na'urorin gwaji na iRobot suka ɗauka a cikin gidaje, har da na wata mata a bayi, sun ɓulla a shafukan sada zumunta ta hannun ma'aikatan da aka ɗauka a Benezuwela su riƙa yi wa hotunan alama don koyar da kwamfuta. Kamfanin ya ce na'urorin ba na kasuwa ba ne, kuma masu gidajen sun amince da gwajin. A 2024 an ba da rahoton cewa masu kutse sun karɓe ikon wasu na'urorin Ecovacs a biranen Amurka, suna zagin masu gida ta lasifikar na'urar.

A al'ummar da ake rubuta "ba a shiga" a ƙofar gidan matan aure, wannan batu ya fi nauyi fiye da yadda yake a inda aka ƙera na'urar. Kyamarar da ke yawo a ɗakin mace tana kallo daga ƙasa zuwa sama baƙo ce da aka shigo da shi ba sallama. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba ɗan ƙasa haƙƙi a kan bayanansa, amma bin kadin wannan haƙƙi a kan kamfanin da ba shi da ofishi a ƙasar abu ne mai wuya. Mafita mai sauƙi ita ce zaɓen samfuri mai leza wanda ba shi da kyamara. Yawancinsu kuma suna shara da danna maɓallin da ke jikinsu ko da ba a taɓa jona su da intanet ba, sai dai a rasa taswira da saita lokaci.

Kuɗi da gyara

A kasuwannin duniya farashin na farawa daga ƙasa da dala 200 ya haura dala 1,000. Tun bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023 duk kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo, kuma idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024, ko matsakaiciyar na'ura ta cinye albashin watanni. Tsintsiya kuwa 'yan ɗaruruwan naira ce. Ga galibin gidajen Abbaganaram, inda mutane da yawa suka sake sayen katifa da tukwane bayan ambaliya, wannan kaya ne na alatu, kuma babu amfanin a ɓoye hakan. Waɗanda za ta fi yi wa rana su ne mai ciwon baya ko gwiwa da durƙuso ke wahalarwa, da mai lalurar numfashi, da mai buƙata ta musamman, da ma'aikaciyar asibitin koyarwa ko jami'a da ke fita da sassafe ta dawo da yamma ta tarar ƙura ta rufe tayil.

Mai saye ya kamata ya fara tambayar kayan gyara kafin farashi. Matata da buroshi da batir abubuwa ne masu ƙarewa, kuma kowane samfuri da nasa; na wani ba ya shiga na wani. Na'urar da ba a san kamfaninta ba, ranar da matatarta ta yage ranar ta zama kwalliya. Masu gyaran waya da rediyo a Maiduguri za su iya sauya ƙwayoyin batir ko su gyara makunni da caja, amma hasumiyar leza ko allon lantarkin ciki sai an yi odarsu daga Legas ko ƙasar Sin. Rasit da takardar garanti su ne hujjar mai saye idan ta kai ga ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC. Batirin yakan fara rauni bayan shekara biyu zuwa uku, a ƙasa mai zafi ma kafin haka, kuma wanda ya mutu ko ya kumbura ba a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin yana fashewa.